Tsakanin Ar-Risala da Umar Mukhtar: Wanne Ya Fi a Finafinan Mustafa Akkad?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu na jaridarka domin in tsoma baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kallon fim, musamman idan azumi ya kama ko watan Maulidi ya tsaya aka koma kan tsofaffin finafinan tarihi. Gardamar ita ce: a manyan finafinai biyu da marigayi Mustafa Akkad ya ba da umarni, wanne ya fi? Yawancin mutane tun kafin ka rufe baki za su ce Ar-Risala, wanda Turawa suka sani da The Message. Ni kuwa a wurina fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran 'yan Libiya da suka yaƙi mulkin mallakar Italiya, wato Lion of the Desert, shi ne ya fi nuna gwanintar mutumin.

Kafin wani ya zabura, tarihin Manzon Allah (SAW) ba a haɗa shi da na kowa, kuma ba shi aka ɗora a sikeli ba. Abin da ake aunawa aikin darakta ne: yadda ya gina labari, inda ya kafa kyamara, abin da ya fitar daga jikin 'yan wasa, da inda ya yanka hoto. Duk wanda ya ce Ar-Risala ya fi don labarinsa ya fi daraja, amsar wata tambaya daban ya bayar.

Abin da ya sa awon zai yi adalci shi ne kusan mutane ɗaya ne suka yi aikin biyu. H.A.L. Craig ne ya rubuta duka biyun, sai dai a Ar-Risala ya yi aiki tare da marubutan Masar irin su Taufik al-Hakim da Abdurrahman al-Sharƙawi. Jack Hildyard, wanda ya ci kyautar Oscar da The Bridge on the River Kwai na 1957, shi ya ɗauki hoton duka biyun. Maurice Jarre ya yi kiɗan duka biyun. Anthony Quinn da Irene Papas sun fito a duka biyun, kuma kuɗin Libiya ne ya ƙarasa na farko ya ɗauki nauyin na biyu. To idan ma'aikata ɗaya ne, hamada ɗaya ce, bambancin da aka gani ya fito ne daga irin labarin da kuma abin da shekarun da ke tsakani suka koya wa Akkad.

Babu mai musun cewa Ar-Risala ya fi wahalar yi. An fara ɗauka a Maroko a 1974, kusa da Marrakesh, bayan an shafe watanni ana gina kwaikwayon tsohon garin Makka. Matsin lamba daga Saudiyya ya sa Sarki Hassan na Biyu ya janye hannu, aka kwashe kaya aka koma Libiya. Malaman Azhar sun amince da rubutun, ƙungiyar Rabiɗar Musulmin Duniya da ke Makka ta ƙi. Ga shi kuma finafinai biyu ake ɗauka a lokaci guda: a shirya fitowa da 'yan wasan Turanci, a gama, sai 'yan wasan Larabci su shigo wuri ɗaya, haske ɗaya, su maimaita. Shi ya sa ake da Hamza biyu, Quinn da Abdullahi Gais na Masar, da Hindu biyu, Papas da Muna Wasif ta Siriya. Wannan jarumta ce ta furodusa, kuma Akkad ya cancanci yabo a kanta. Amma shan wuya wajen yin abu daban, kyan abin daban.

Babbar matsalar fim ɗin ita ce wadda kowa ya sani: ba a nuna Annabi (SAW), ba a jin muryarsa, kuma daidai ne da aka yi haka. Abin dubawa shi ne me wannan sharaɗi ya jawo wa aikin. A fim, hira kaiwa da komowa ce. A nuna mai magana, a yanka a nuna fuskar mai saurare, ya amsa, a dawo. Mai tace hoto da fuskar mai saurare yake aiki: da ita yake gajarta dogon jawabi, da ita yake ɓoye inda ɗan wasa ya yi tuntuɓe, da ita mai kallo yake gane nauyin abin da aka faɗa. A Ar-Risala an cire rabin wannan kayan aiki a duk fitowar da ta fi muhimmanci. Sai Akkad ya koma ga dabaru uku. Wani lokaci kyamara ta tsaya a gurbin wanda ake yi wa magana, ɗan wasa ya kalli cikinta kai tsaye. Wani lokaci Zaidu ko Hamza ko Bilal ya maimaita abin da aka ce. Wani lokaci kuma a saki kiɗa mai taushi, a nuna raƙuma ko kan sanda.

Kowace dabara da kuɗinta. Idan Quinn ya zuba wa kyamara ido yana roƙon a ba su izinin kare kansu, wanda yake kallo a zahiri shi ne mutumin da ke zaune gaban talabijin, sai mai kallo ya tsinci kansa a gurbin da bai kamata ya ji yana ciki ba. Sannan akwai shirun da ake bari domin amsar da ba a ji. In ya yi gajere, kamar ba a amsa ba. In ya yi tsawo, fitowar ta mutu a tsaye. Maimaita maganar kuwa yana ninka tsawon hira, domin dole ɗan wasa ya yi tambaya, ya saurara, ya juyo ya gaya mana abin da ya ji. Akwai wuraren da dabarar ta zauna daram. A Ɗa'ifa, inda duwatsu ke tahowa wajen kyamara Zaidu yana karewa da jikinsa, ta yi aiki domin ba magana ake ba, motsi ne. Haka zuwan Abu Sufyan Madina neman a sabunta yarjejeniya: yana magana ba a tanka masa, kuma a littattafan sira ma ba a tanka masa ba, saboda haka shirun ya zama shi ne labarin. Amma waɗannan tsiraru ne a fim na kusan awa uku.

Ba nan kaɗai ba. Sayyidina Abubakar da Umar da Usman da Ali duk ba a nuna su, in ban da bakin takobin nan mai harshe biyu da ake hangowa a mubarazar Badar. Ke nan nauyin fim ɗin gaba ɗaya ya koma wuyan Hamza. Shi kuwa Sayyidina Hamza ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Fathu Makka kuwa sai shekara ta 8. Daga lokacin da mashin Wahshi ya same shi, fim ɗin ya rasa wanda ido zai bi. Duk wanda ya kalla da lura zai ga yadda tafiyar ta canja daga nan: an tsallake yaƙin Khandaƙ, an bi ta Hudaibiyya da sauri, Musuluntar Khalid ta zo a taƙaice, daga ƙarshe muryar mai ba da labari ta karɓi aikin da hoto ya kamata ya yi. Ba laifin Akkad ba ne, tarihi ba ya sauyuwa don a gyara fim, amma tsagar tana nan a jikin ginin.

Yanzu a tambayi masoyan Ar-Risala fitowar da ta fi zama a ransu. Da yawa za su ce fadar Najjashi. Ja'afar yana tsaye, Amru ɗan As yana gefe da kyaututtukansa da daɗin bakinsa, sarki yana kan karaga yana auna su biyun. Ja'afar ya kawo abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Nana Maryam da Annabi Isa (AS), sarki ya sauko ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ƙi miƙa su. Wasu za su ce inda aka miƙa wa Bilal bulala ya doki Ammar ya ƙi. Abin lura shi ne a fitowar nan biyu kowa yana gaban kyamara, fuska tana kallon fuska, babu gurbin da aka bari. Wato inda aka sakar wa Akkad hannu, nan ya fi yin abin kirki. To fim ɗin Umar Mukhtar daga farko har ƙarshe a sake hannunsa yake.

An ɗauke shi a 1979, ya fita a Amurka a 1981. Labarin mutum biyu ne: Umar Mukhtar, tsohon malamin allo wanda ya shafe shekara ashirin yana yaƙar Italiya tun shigarta Libiya a 1911, da Janar Rodolfo Graziani, wanda Oliver Reed ya fito a matsayinsa, da aka turo ya kawo ƙarshen abin. Kowa da abin da yake so, kuma kowane mataki na ɗaya amsa ce ga matakin ɗayan. Mayaƙan Umar Mukhtar da ke tsaunukan Jabal Akhdar da abincin ƙauyuka suke rayuwa, sai aka kwashe mutanen ƙauyukan, kimanin dubu 100, aka zuba su a sansanonin waya irin na Suluƙ da Agaila. Suna da mafaka a can kudu, sai aka ci Kufra a Janairun 1931 da motoci masu sulke da jiragen sama. Makamai da hatsi suna shigo musu daga Masar, sai aka ja wayar ƙarfe mai ƙaya ta kusan kilomita 270 daga bakin teku zuwa Jagbub. Mai kallo yana gani da idonsa yadda ake shaƙe yaƙin sari-ka-noƙe ba tare da an yi wata babbar arangama guda ba. Finafinan yaƙi kaɗan ne suke iya fahimtar da mutum dalilin da ya sa aka ci wani ɓangare, yawancinsu ƙara da hayaƙi ne kawai.

Ko a ɗaukar faɗan ma an ga ci gaba. Uhudu a Ar-Risala ya yi kyau, domin Akkad ya fara nuna maka tudun maharba da inda dawakin Khalid suke jira, saboda haka da maharban suka sauko ka riga ka san abin da zai biyo baya. Amma Badar da Uhudu yaƙi ne na sahu da sahu, takobi da takobi. A Umar Mukhtar doki ne da tsohuwar bindiga a gaban tanka, kuma dole kowane kwanton ɓauna ya zo da dabarar da za ta gamsar da mai kallo cewa hakan zai yiwu. Sai ka ga an fara da sawun dawaki a rairayi da aka bari da gangan, a nuna motocin Italiya suna bi, a nuna tazarar da ke tsakani daga nesa, kafin a harba harsashi ko ɗaya. Hildyard yana buɗe hoto sosai domin ka san gabas da yamma, sannan a matso kusa. Fitowar da mayaƙa ke naɗe ƙafa su ɗaure ta da igiya don kada su gudu idan tankoki sun iso, babu dogon jawabi a cikinta, hannu ne da igiya da ƙarar inji tana matsowa. Haka kuma saka tsofaffin hotunan gaske marasa launi na sansanonin da aka ɗauka daga sama: tantuna jere har iyakar gani, sannan a dawo hoto mai launi a cikin waya. Dabara ce mai haɗari, domin hoton gaske yakan tona asirin na kwaikwayo, amma a nan ɗaya ya ƙarfafa ɗaya.

Sai wasan Quinn. A matsayin Hamza ƙirji ne da murya da faɗin kafaɗa, kuma ya dace, sai dai irin wasan da ya riga ya yi ne a Lawrence of Arabia tun 1962. Da yawa daga waɗanda suka kalli na Larabcin ma sun fi son Abdullahi Gais, ni ma ina tare da su, domin Larabcin a bakinsa yake zaune. A matsayin Umar Mukhtar kuwa Quinn ya rage komai. Muryar ta sauka, tafiyar ta zama ta mai shekara saba'in da ɗoriya, rabin wasan da ɗan farin tabarau yake yin sa: ya ciro, ya goge, ya maƙala a kunne ɗaya sannan ɗayan, ya duba abu, ya cire. Farkon ganinmu da shi yana zaune da yara yana yi musu bayanin ayar mizani ta Suratur Rahman. Daga baya, da mutanensa suka kama wani ƙaramin hafsan Italiya suna so su kashe shi don su ma haka ake yi musu, sai ya hana, ya ce ai waɗancan ba malamansu ba ne. Ba a sake ambaton darasin yaran ba, an bar mai kallo ya haɗa da kansa. Wannan amincewa da hankalin mai kallo ba ta da yawa a Ar-Risala, inda kusan kowace koyarwa sai an furta ta da baki, wani lokaci ma kamar ana karanta wa baƙo takardar gabatarwa. Akwai dalili, domin Akkad Turawan da ba su san Musulunci ba yake nufi da na Turancin, amma dalilin bai hana a ji nauyinsa ba.

Ƙololuwar fim ɗin ita ce haɗuwar mutanen biyu a ofis bayan an kama Umar Mukhtar ranar 11 ga Satumba 1931. Haɗuwar ta faru da gaske, Graziani da kansa ya rubuta labarinta a littafinsa na 1932. Ɗaki ne, tebur, tsoho da sarƙa a hannu, janar a tsaye. Babu kiɗan da zai gaya maka abin da za ka ji. Reed yana zagaye yana tayi, Quinn yana zaune yana amsawa a gajarce, kyamara tana kaiwa da komowa tsakanin fuskokin har ka rasa wane ne kamamme a cikinsu. Irin wannan fitowa ce Ar-Risala ba shi da halin yi ko sau ɗaya da babban wanda labarin yake kansa. Shari'ar Bangazi ta ranar 15 ga wata da ratayewar Suluƙ washegari a gaban dubban tsararru sun biyo baya ba tare da gaggawa ba, har da Kyaftin Lontano, lauyan sojan da aka ba shi ya kare shi, wanda ya yi aikin da gaske har aka hukunta shi. Barin hafsoshin Italiya masu tausayi irin su Lontano da Kanar Diodiece a cikin labarin ya hana fim ɗin zama na mutanen kirki zalla da miyagu zalla.

Ba ina cewa ba shi da aibi ba. Mafi girma shi ne an share Sanusiyya daga labarin. Umar Mukhtar ɗan ɗariƙar ne, a Jagbub ya yi karatu, shehin zawiya ne, da sunan Sanusiyya ya yi yaƙin, har ya zauna a ƙasar Chadi a zamanin da 'yan ɗariƙar ke fafatawa da Faransa. Mutanen Nijar sun san wannan zare, domin Kawusan, jagoran Buzayen da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a ƙarshen 1916 da goyon bayan Sanusiyya ya zo. Dalilin sharewar ba ɓoyayye ba ne: Gaddafi Sarki Idris as-Sanusi ya hamɓarar a 1969, kuma shi ke biyan kuɗin fim. An kuma cire Marshal Badoglio, wanda shi ne gwamnan Libiya na lokacin, aka ɗora komai a kan Graziani, alhali shi mataimakin gwamna ne a Barƙa, wato gabashin Libiya, daga 1930. Zaman sulhun Sidi Rahuma ma a Yunin 1929 aka yi shi, kafin zuwan Graziani, fim ɗin ya mai da shi bayan zuwansa. Haɗe mutum biyu a ɗaya abu ne da marubutan fim suka saba, ana iya yafe shi. Share ɗariƙar kuwa siyasa ce, kuma ta rage wa mai kallo fahimtar inda tsari da biyayyar mayaƙan suka samo asali. Ban da wannan, tsakiyar fim ɗin ta yi kwanton ɓauna fiye da kima, da an cire ɗaya ba abin da zai ragu, kuma Rod Steiger a matsayin Mussolini ihu ya fi yawa.

Masu kawo hujjar kasuwa kuma su yi haƙuri. Gaskiya ne an kashe kimanin dala miliyan 35 a Umar Mukhtar, abin da ya dawo daga gidajen sinima bai taka kara ya karya ba. Amma a dubi lokacin. A shekarar da ya fita ne gwamnatin Reagan ta kori jami'an jakadancin Libiya daga Washington, a watan Agusta kuma jiragen ƙasashen biyu suka yi artabu a sararin tekun Sidra. Fim mai kuɗin Gaddafi, ba babban kamfanin Hollywood a bayansa, ina zai sami masu kallo a Amurka? Italiya ta hana nuna shi a 1982, bai fito a talabijin ɗin ƙasar ba sai a Yunin 2009, lokacin da Gaddafi ya sauka a Rum da hoton Umar Mukhtar cikin sarƙa maƙale a ƙirjinsa. Ar-Risala ma ai bai tsira ba: garkuwar da wasu 'yan bindiga suka yi da mutane a Washington a Maris 1977 ta ɓata masa fitowa a Amurka, Saudiyya kuwa sai 2018 aka haska shi a sinimominta. Akkad da finafinan tsoro na Halloween, waɗanda ya zuba wa kuɗi tun 1978, ya riƙa samun abin sawa a aljihu, kuma har bam ɗin otal a Amman ya yi ajalinsa a Nuwamban 2005 bai sami mai ba shi kuɗin fim ɗin Salahuddin da ya daɗe yana buri ba. Kyautar Oscar ma ba ta raba gardama: kiɗan Ar-Risala ya shiga takara, Star Wars ya ɗauke.

Wanda yake so ya gwada maganata, ga hanya mai sauƙi. Ya nemi Ar-Risala na Larabci, wanda ya fi na Turancin tsawo da kusan rabin awa kuma ya fi shi daɗin ji, domin shi ne mafi ƙarfin hujjar abokan gardamata. Ya samu cikakken hoto mai faɗi, kada ya yi hukunci da irin kwafin da aka datse gefe da gefe don ya cika allon tsohuwar talabijin, domin a irinsa rabin aikin Hildyard ya tafi, tudun maharba da dawakin Khalid ba sa haɗuwa a hoto ɗaya. Sannan ya kalli minti arba'in na ƙarshe na kowane fim a jere, ya lura da sau nawa aka gaya masa abin da ya faru da baki, sau nawa kuma aka nuna masa.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Zariya